Littafin Bashi Na Tudun Hatsi Da Jadawalin Da Sifiri Ya Cika

Duk wanda ya san kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya san babu dillalin da ke rubuta sunan mutumin da ba ya binsa kome. Littafin bashi na masu bashi ne kaɗai. In da za a zana jadawali, a jera 'yan kasuwa dubu a kwance, a sāke jera su a tsaye, a ce kowane gida ya nuna abin da wane ke bin wane, da an sami gida miliyan ɗaya, kusan dukkansu kuwa sifiri. Irin wannan jadawali, wanda sifiri ya cinye shi sai ɗan abin da ba a rasa ba, shi ne ya hana wani saurayi ɗan Jekadafari barci a shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004.

Saurayin nan ɗalibin lissafi ne, ɗan wani dillalin hatsi, ya kuwa zaɓi ya yi bincikensa a kan hanyoyin wutar lantarki. Dalilinsa a fili yake. Babban layin wuta ya taso daga Jos ya sauka Gombe, daga nan ya rabu zuwa Yola da Damaturu, ga kuma madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola. Kowace tasha da maƙwabtanta biyu ko uku kawai take haɗe, saboda haka jadawalin da ke siffanta irin wannan hanya kusan fanko ne. Tun a 1967 wasu injiniyoyi biyu na Amurka, Tinney da Walker, suka nuna cewa in aka bi wannan fanko da dabara, na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta warware lissafin manyan hanyoyin wuta wanda a dā ya gagare ta.

Don ya gwada shirin da ya rubuta, sai ya sauko da wani sanannen jadawali mai suna 1138_bus daga taskar SuiteSparse. Tashoshi 1,138 ne, watau gida 1,295,044, amma 4,054 ne kaɗai ba sifiri ba. To, a nan ne maganar tsarin ajiya ta taso, domin kuwa masana ba su taɓa tsayawa a kan hanya guda ba.

Mafi sauƙi ita ce hanyar dillali, wadda ake kira COO: a rubuta lambar layin kwance, da ta layin tsaye, da abin da ke cikin gidan, shi ke nan. Da ita ake gina jadawali, amma tana da nawa wajen aiki. Sai CSR, wadda ke tara lambobin layi bayan layi, ta ajiye wani ɗan jeri dabam mai nuna inda kowane layi ya fara, kamar mai jera buhuna rumfa rumfa ya riƙe lambar ƙofa. Ƙanwarta CSC haka take, sai dai tsaye take bi, ita ce kuma MATLAB ke amfani da ita tun da ya karɓi irin waɗannan jadawalai a 1992. Wajen fayil kuwa, akwai tsohon tsarin Harwell-Boeing, wanda Duff da Grimes da Lewis suka bayyana a 1989, mai layi na harafi 80 irin na katin Fortran. Mutum ba ya karanta shi da ido sai ya sha wuya. Shi ya sa hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fito da Matrix Market a 1996, inda kowace lamba ke da layinta.

Shirin saurayin ya karanta fayil ɗin, ya juya shi zuwa CSR, bai yi ƙorafin kome ba, amma amsar da yake bayarwa ba ta kama hankali. Kwana uku yana bin lissafinsa bai ga aibu ba, ga ranar miƙa aiki ta matso, ga kuɗin makaranta da aka biya da ladan dillanci. Abin da ya cece shi wani ɗan umarni ne mai suna spy, wanda ke zana jadawali a fuskar na'ura, ya ɗiga baƙi a duk gidan da ba sifiri ba. Da hoton ya fito, sai ga ɗigo a ƙasan layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, samansa kuwa fari fat. Ya ƙirga, ya sami 2,596.

Ashe layin farko na fayil ɗin ya riga ya faɗi cewa jadawalin mai fuska biyu ne iri ɗaya. Waya in ta haɗa Gombe da Yola, ai ta haɗa Yola da Gombe, don haka ba a rubuta ta sau biyu. Mai karatu ne zai mayar da rabin da aka bari. A cire gida 1,138 na tsakiya daga 2,596, saura 1,458. A ninka shi biyu a mayar da na tsakiyan, ga 4,054 cif. Manhajar SciPy tana yin wannan da kanta, tana kuma gyara wani tarkon, watau Fortran da MATLAB daga 1 suke fara ƙirga, C da Python kuwa daga 0. Gaskiya ita ce mai koyo ya fi ƙaruwa in ya rubuta nasa sau ɗaya, amma bayan nan ba shi da hujjar ƙin abin da dubban mutane suka riga suka gwada.

Da dare ya nuna wa mahaifinsa hotunan biyu, na rabi da na cikakke. Tsohon ya duba ya ce, "Kai yaro, ai wannan ba sabon abu ba ne. In Alhaji na bina buhu goma, a littafinsa kaɗai ake rubutawa, amma ni ma na san da shi."

"Haka ne, Baba, sai dai ita na'ura ba ta sani sai an gaya mata."

Washegari ya ƙara wa shirinsa layi shida: ya karanta kan fayil tukuna, ya rage ɗaya daga kowace lambar gida, ya mayar da rabin sama, sa'an nan ya ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita kafin ya yarda da kowace juyawa.