Kyauta Tana Farawa da Lura

Idan ranar haihuwar yaro ta zagayo, ba ka shan wahalar tunani. Alewa, ƙwallo ko sabon takalmi sun isa su sa shi tsalle. Amma idan ranar ta mahaifiyarka ce, ko ta matarka, ko ta dattijon da kuke zama a benci ɗaya ran Lahadi, sai ka tsaya a bakin kasuwa kana juya kuɗi cikin aljihu. Me za a ba wanda ya ga jiya ya ga yau? Abin da yake bukata ƙwarai, kamar lafiya ko kuɗin makarantar jikoki, ya fi ƙarfinka. Abin da ƙarfinka ya kai kuwa, kana jin kunyar miƙa shi.

Ka tuna cewa wannan al'ada baƙuwa ce a gidajenmu. Da yawa cikin iyayenmu ba su da takardar haihuwa. Wani zai ce an haife shi shekara biyu kafin samun 'yancin kai a 1960. Wata za ta ce tana goye aka soma yaƙin basasa a 1967, ko kuwa ta yi wayo lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973. Makaranta da asibiti, daga baya kuma wayar hannu, su suka koya mana riƙe rana da wata. Da yake al'adar ba ta zo da ƙa'idarta ba, sai muka ara mata ƙa'idar biki, inda ake tuna abin da kowa ya kawo domin a rama masa, sau da yawa har da ƙari. Wannan tsari yana da amfani a aure da suna, gama yana rage wa mai hidima nauyi. Amma idan aka ɗora shi kan ranar haihuwa, kyauta takan koma bashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, nakan ga mutane suna ƙin zuwa gaishe da wanda suke ƙauna don kawai hannunsu ba kome. Wannan hasara ce babba, domin zumunta a ƙafa take.

Ina roƙonka ka ajiye tambayar farashi tukuna, ka dubi abin da yake faranta wa babba rai daga safe zuwa dare. Za ka tarar yawancinsa mai araha ne. Koko mai zafi da ƙosai kafin rana ta ɗaga. Ruwan randa da tsakar rana a watan Afrilu. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Man kaɗanya a tafin ƙafa sa'ad da hunturu ya tsattsage fata. Labarun rediyo da asuba, da inuwar dalbejiya inda ake shimfiɗa tabarma a yi hira. Kowane mutum yana da nasa biyu ko uku daga cikin irin waɗannan, kuma ba safai yake faɗa ba, domin yana ganin ba su kai a ambata ba.

Na san wani tsohon malamin firamare da 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka ɗinka masa babbar riga mai aiki sa'ad da ya cika shekara 70. Ya yi godiya, ya sa ta ranar, ya ninke ta ya ajiye a akwati. A ranar nan kuma wata jikarsa ta kawo masa tabarau na karatu, domin ta lura yana nesanta takarda da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Kuɗin tabaran bai kai na aikin wuyan rigar ba, amma kowace safiya yana hancinsa. Ba na rena rigar, gama girmamawa ce, kuma girmamawa tana da wurinta. Sai dai tabaran ya faɗa wa tsohon abin da rigar ba ta faɗa ba, wato akwai mai kallonsa da kula.

Saboda haka, kafin ka shiga kasuwa, ka shiga gidan mutumin. Ka ga abin da ya ƙare, da abin da ya tsufa yana ta lallaɓa shi. Tocilan da ta dushe, bargon da ya yi shara-shara, butar shayin da hannunta ya karye, duk suna magana. Idan ba ka gane ba, ka tambayi wanda yake kwana gida ɗaya da shi. Ka kuma yi la'akari da lafiyarsa: zuma da dabino kyauta ce mai daɗi, amma ba ga mai ciwon sukari ba, kilishi mai gishiri kuma bai dace da mai hawan jini ba. Abin da ake ci ko ake shafawa ya ƙare yana da wata fa'ida, domin ba ya tare wuri, ba ya kuma ɗora wa mai karɓa nauyin ramawa.

Idan aljihu ya bushe sarai, har yanzu kana da abin bayarwa. Ka gyara wa gwauruwa ƙyauren da yake ƙara. Ki yi wa surukarki kitso. Ka zauna da kakanka yini guda, ka tambaye shi sunayen iyayensa da garin da suka taso, ka rubuta su domin jikoki.

Ranar da taka ta zo kuma, aka miƙo maka ƙullin gyaɗa ko sabulu guda, ka karɓa da hannu biyu da sakin fuska. Yaba kyauta tukwici. Wanda ya ga ka yi murna da ƙaramin abu ba zai ji tsoron ƙofarka ba a shekarar da ba shi da kome. Yanzu ka tuna wanda ranarsa take tafe a cikin danginka ko maƙwabtanka, ka soma lura da shi tun daga wannan mako.