Daga Funtua Zuwa Malumfashi: Inda Kaka Ke Rage 'Yan Aji

Da sanyin safiya, cikin watan Nuwamba, muka bar tashar motar Funtua muka kama hanyar Bakori zuwa Malumfashi. Dama da hagu gonaki ne. An karya masara, dawa ta sunkuya saboda nauyin zangarniya, auduga kuma ta fashe fari fat. Audugar nan ce ta ɗaga sunan Funtua tun da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920.

Sai dai mu makarantu muka fito gani. Kudancin Jihar Katsina ƙananan hukumomi 11 ne, irin su Danja, Dandume, Ƙafur, Faskari da Ƙanƙara. Kowace tana da hukumar ilimi mai kula da firamare a ƙarƙashin SUBEB. Sakandare kuwa, ma'aikatar ilimi tana da ofisoshin shiyya a Funtua da Malumfashi, daga nan masu duba makarantu ke fita rangadi.

Bayan mun wuce Bakori muka ratse wata sakandaren jeka-ka-dawo. An buga ƙararrawa, amma benci da yawa ba kowa a kai. Malamin lissafi ya buɗe mana rajista, ya ce haka abin yake duk shekara. Zangon farko yana farawa a Satumba ya ƙare a Disamba, daidai lokacin kaka. Wani yaron yana gonar mahaifinsa, wani ya tafi ƙwadago don ya haɗa kuɗin littattafai, 'yan mata kuma an ɗora musu talla ranar kasuwa. Ba lalaci ya hana su zuwa ba. Amma darasin da aka yi ba ya jiran kowa.

Ga kuma fargaba. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Gwamnati ta rufe makarantun kwana a lokacin, kuma har yau akwai iyayen da suka fi son ɗansu ya kwana a gida.

Da azahar muka isa Malumfashi, garin Galadiman Katsina. Muka ga 'yan mata cikin fararen kaya suna fitowa daga makarantar koyon aikin ungozoma. Nan muka tuna da makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da muka baro a Funtua. Ƙofofin ci gaba suna nan kusa da gida, amma mabuɗinsu sakamako mai kyau ne a WAEC ko NECO. Wanda kaka ke cinye wa wata biyu kowace shekara, da me zai buɗe?

Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. Doka dai ba ta zuwa ƙofar gida ta yi sallama, mu ne za mu je. In abokin zamanka ya yi kwana uku ba ka gan shi ba, kai masa littafinka ya kwafa. In gona ta kira ka, roƙi Baba a bar maka yamma da Asabar da Lahadi. Masara in ta bushe tana iya jiran ƙarfe biyu, jarrabawa kuwa ranarta ɗaya ce.