La'adar Ilimi

Shekarun baya na yi ta zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari kowace Alhamis, ina tattara kalmomin ciniki daga bakin dillalai. Wani dattijo, wanda nake kira Baba, shi ya zaunar da ni ya bambance mini cewa jaka a bakin Bagumale naira 200 ce, a bakin Badamagare kuwa sefa 1,000, dala kuma sefa 5. Daga bayanansa na rubuta maƙala, wata mujalla ta ƙasar waje ta buga, na samu ƙarin girma.

Bara ɗansa ya zama ɗalibina a Gumel. Da zai rubuta kundinsa a kan harshen dillalai, sai ya nemi maƙalar a intanet da wayarsa, ya tarar ba a buɗe ta sai an biya da dalar Amurka. Ya zo ya ce, "Malam, ashe maganar Baba ma sai da kuɗi ake karanta ta?" Na ba shi kwafin da ke hannuna, amma na kasa ba shi amsa. A garin da aka keɓe wa yankin ciniki marar haraji, ga ɗan gida ana neman ya biya kafin ya karanta maganar mahaifinsa.

Mujallunmu na gida ma suna da nasu shingen. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta ba mu mujallar Harsunan Nijeriya da Ƙamusun Hausa na 2006, ayyukan da kowane manazarci ke alfahari da su. Sai dai littafin takarda ba ya wuce inda mota ta kai shi. Ɗalibin Gagarawa ko Sule Tankarkar ko Damagaram ya fi saurin samun ƙamusun Bargery na 1934, domin yana intanet kyauta, fiye da maƙalar da malaminsa ya buga a Kano.

Na san wallafa tana cin kuɗi. Tun sanarwar Budapest ta 2002 ake kiran a buɗe sakamakon bincike ga kowa, amma wasu madaba'u sun ɗauke nauyin daga mai karatu sun ɗora wa marubuci, wanda hakan kan toshe bakin malami mai ƙaramin albashi. Akwai wata hanya: Language Science Press ta Berlin ba ta karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu, cibiyoyin ilimi ne ke haɗa hannu su ɗauki nauyinta. Cibiyoyin harsunanmu za su iya farawa da ɗaukar hoton tsofaffin mujallunsu su ɗora a intanet, su daina ƙidaya ribarsu da yawan kwafin da aka sayar.

Ni dai na yi wa kaina alkawari: duk mujallar da ɗan Baba ba zai iya buɗewa da wayarsa ba, ba zan sake kai mata abin da na samo a Maigatari ba.