Ranar Da Na Ga Ƙatti Suna Kuka A Wurin Kiɗa

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sam mini ɗan fili in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wani wasa da na gani a Landan ran Jumma'a, 24 ga Yuni, 2022, sa'ad da aka aike ni can koyon aikin ofis.

Akwai wani Bature da mu ke tebur ɗaya da shi, kusan sa'ana ne. Tun 2019 ya sayi tikiti biyu na wannan wasa, ɗaya nasa, ɗaya na ƙanensa. Annobar korona ta sa aka ɗaga wasan har sau biyu, kafin ranar ta zo kuwa ƙanen ya rasu. Ya ce mini ba ya iya sayad da tikitin, ba ya kuma iya zuwa shi kaɗai. To, wa zai ƙi irin wannan roƙo? Na yarda, amma a raina na ce wahala kurum za ni sha, don mu a makarantar mishan an koya mana waƙa a tsaye, hannu a baya, kowa na bin muryarsa.

An yi wasan a babban filin nan na Stratford da aka gina domin wasannin Olimfik na 2012. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Manyan ƙungiyoyin makaɗa uku ne, duk daga Amurka: Weezer na Los Angeles, da Fall Out Boy daga wajen Chicago, da Green Day na Kalifoniya, waɗanda su ne uban tafiya. Asalin kiɗan shi ne wanda su ke kira fank, wanda ya tashi a New York da Landan wajen 1976, watau jita da ganga da sauri, da tsawa, waƙa kuwa gajeriya. Su Green Day suka zuba masa zaƙin murya, faifansu Dookie na 1994 ya kai shi kowane gida. Akwai kuma reshensa da a ke kira imo, wanda ya fara a Washington wajen 1985. Sunan daga kalmarsu ta motsin zuciya aka yanko shi, don mawaƙin ba ya wasa kowa, ciwon ransa ya ke tonawa a gaban jama'a. A nan mutane su kan sa Fall Out Boy.

Abin da na tarar da fari bai sāke mini ra'ayi ba. Ƙara ta yi yawa har ina jin ganga a ƙirjina. Mai babbar jitar Fall Out Boy, Pete Wentz, ya fito da wata wadda ke feso wuta daga bakinta, ban ga amfanin wannan ba har yau. Ga ashar, ga giya ana watsawa sama ta sauko a kan wanda bai ji ba bai gani ba. A gaban dakali samari suka buɗe da'ira suna gudu suna bangazar juna kamar raguna. Na ɗauka faɗa ne, sai na lura da wani abu: da zarar ɗaya ya faɗi, sai na kusa su tsaya cik, su ɗaga shi, su kakkaɓe shi, sa'an nan a ci gaba.

Na kuma lura yawancin taron ba yara ba ne. Masu shekara 30 zuwa 40 ne, waɗansu da sanƙo, waɗansu da 'ya'yansu a kafaɗa. Waƙoƙin ƙuruciyarsu suka zo ji, sun kuwa haddace su sarai, har sau da yawa mawaƙi ya kan yi shiru ya bar musu. Nan na tuna da ɗakin sujada na makarantarmu, ko da ya ke na san malamanmu ba za su gode mini da wannan kwatanci ba.

Can wajen ƙarshe, duhu ya yi, shugaban Green Day, Billie Joe Armstrong, wanda a lokacin shekararsa 50, ya sassauta kiɗa ya ɗauko waƙar da ya yi wa mahaifinsa, wanda ya rasu cikin Satumba 1982, shi yana ɗan shekara 10. Mutane suka kunna fitilun wayoyinsu, fili duka ya zama kamar taurari. Na juya in yi wa abokina magana, sai na ga yana rerawa, hawaye na zuba har gemu, bai ko share ba. Wani ƙato da ke gefensa, wanda bai san shi ba, ya dafa kafaɗarsa, shi ma yana kuka. Ba wanda ya dube su, ba wanda ya ce su yi haƙuri.

Malam Edita, ga dalilin wasiƙar nan. Mahaifina ya rasu a 2020. Ni ne babba, na zauna karɓar gaisuwa kwana uku, kowa ya ce, "Sai haƙuri," na ce, "Haƙuri ya zama dole." Aka yabe ni da dauriya, na ji daɗin yabon. Ban zub da hawaye ko ɗaya ba, ba a gaban mutane ba, ba a ɗaki ba. Ba na zargin al'adarmu, kunya da haƙuri su suka riƙe gidanmu a kwanakin nan. Amma a filin nan, cikin baƙi, a kan waƙar da ko rabin kalmominta ban kama ba, sai abin da na danne shekara biyu ya ɓalle mini. Na rufe fuska da hula, don kunyar ba ta sake ni duka ba.

Muka fito muka shiga jirgin ƙasa, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. Da zai sauka ya ciro takardar tikitin ƙanensa, wadda ya ajiye tun 2019, ya ce in riƙe. Tana cikin akwatina tare da hoton mahaifina. Kunnuwana kuwa sai da suka kwana biyu suna ƙugi.

Wasalam. Ni ne naka,
Wani Akawu.