Yadda Na Fassara Kawu Domin Neman Biza

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi. To, ni ban yi tafiyar ba, amma na sami rabona na ilimi tun daga shirinta. A hutun ƙarshen zango na shekarar 2024 na koma gida Dutsen Kura Hausa, a garin Minna, da niyyar in huta. Kwana biyu da zuwana Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da wata ambulan a hannu.

"Malam ƙarami," in ji shi, domin haka yake kirana tun da na shiga jami'a, "yayarka ta haihu, kuma mijinta ya aiko da takardar gayyata. Kai ne mai boko, sai ka san yadda za a yi."

Babbar 'yarsa tana aure a Janeba ta ƙasar Suwizalan, inda mijinta ke aiki. Shi kuwa Kawu ɗan kasuwar doya ne, yana saro ta daga wajen Paiko yana lodawa zuwa Kano da Legas, kuma in ban da aikin Hajji bai taɓa hawa jirgin sama ba. Amma akwai wani abu da ya sa tafiyar ta shiga ransa bayan ganin jika. Kawu tsohon mai kallon finafinan Indiya ne. Shekara da shekaru yana ganin duwatsun nan masu farin ƙanƙara da ake rawa da waƙa a gindinsu, yana ɗauka a Indiya suke. Sai da surukinsa ya gaya masa cewa da yawansu a Suwizalan aka ɗauke su. Hasali ma, tun fim ɗin Sangam na 1964 Indiyawa ke zuwa can ɗaukar fim, kuma Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda Kawu ya kalla a kaset har ya ƙare, an ɗauki wani ɓangarensa a can. Marigayi Yash Chopra ya yawaita aiki a ƙasar har aka kafa masa mutum-mutumi a garin Interlaken a 2016.

Na fara da binciken abin da ake buƙata. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tun Disamba 2008 ta shiga yarjejeniyar Shengen, don haka biza ɗaya ce da ta Faransa da Jamus, kuma ba ta wuce kwana 90 a cikin kwana 180. Ana son fasfo, da hotuna, da takardar gayyata, da shaidar kama gurbi a jirgi zuwa da dawowa, da inshorar lafiya wadda ba ta gaza ta Yuro 30,000 ba, da bayanin asusun banki. Kuɗin biza kuwa ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a watan Yunin shekarar, kuma in aka hana mutum ba a mayar masa da ko kwabo. Duk waɗannan suna da sauƙin fahimta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ke bayansu duka: mene ne tabbacin cewa wannan mutum zai dawo gida?

Da na karanta wa Kawu, sai ya yi dariya. "Ka rubuta masu ina da mata biyu, da 'ya'ya goma sha ɗaya, da doya a ƙasa tana jirana. Wa zan bar wa?"

Na ce, "Kawu, ai ku kun san haka, ni ma na sani. Su kuwa takarda suke gani."

A nan na gane girman aikin. Fom ɗin yana tambayar sana'a da sunan wanda ya ɗauke ka aiki. Kawu ba wanda ya ɗauke shi aiki. Arzikinsa yana cikin amana: manomi ya ba shi doya mota guda ba rasit, ba sa hannu, sai bayan mako biyu a kawo kuɗi. Yaya zan faɗi wannan da Turanci ga wanda bai taɓa shiga kasuwar doya ba? Na duba ƙamus a kan kalmomin fatauci da dillanci da mutunci, duk abin da na samu sai in ga ya rage wa Kawu tsawo.

Ana cikin haka wani abokin cinikinsa ya kawo mana wani ejan, mai yawan magana da jaka a hammata. Ya ce aikin mai sauƙi ne: za a zuba kuɗin aro a asusun Kawu na 'yan kwanaki, a buga masa takarda cewa shi darakta ne a wani kamfani, ni kuma in tsara wasiƙa da Turanci mai daɗi. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, zuciyata ta karkata. Na ga hanya ce da za ta raba ni da wahala. Amma na riga na karanta cewa ana ɗaukar zanen yatsun mai nema, ana ajiye bayanansa shekara biyar a rumbun da duk ƙasashen Shengen ke dubawa. Ke nan ƙarya ɗaya tana iya rufe wa Kawu ƙofar ganin jikokinsa. Da na bayyana masa, bai ko jira na gama ba ya dubi ejan ya ce, "Malam, ni mai doya ne. In ba su son mai doya, su bar ni a gidana."

Muka bi doguwar hanya. Allah ya taimake mu da ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa 'yan kasuwa irin Kawu karɓar kuɗi ta banki, don haka asusunsa ya nuna shiga da fitar ciniki na gaskiya. Muka karɓo wasiƙa daga ƙungiyarsu ta masu doya, muka haɗa da takardun gidansa. Wasiƙar bayani kuwa, na sa shi ya yi magana da Hausa ina rubutawa, sannan na fassara. Inda na rasa kalma ɗaya, sai in yi jimla biyu in kwatanta abin yadda yake: daga ina yake saye, ina yake kaiwa, wane wata ne kaka.

Sai tsarin yawon buɗe ido, domin an so a ga inda zai je. Kawu ya so hawa Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tudu a Turai, mai tsayin mita 3,454, wadda aka buɗe a 1912. Amma iska tana da ƙaranci a can sama, shi kuma yana fama da hawan jini, likita ya ce a'a. Muka sauya da Harder Kulm, tudun da ke kan Interlaken, inda ake hango manyan duwatsun da tafkuna biyu ba tare da wahala ba. Muka sa Juma'a a masallacin Janeba, da ziyarar tafkin birnin mai feshin ruwa mita 140. Na kuma rubuta masa gaisuwa iri biyu a takarda, domin a Janeba Faransanci ake yi, a Interlaken kuwa Jamusanci. Ƙasar tana da harsunan ƙasa huɗu, har da Italiyanci da Romansh.

Ranar kai takardu muka yi asubanci zuwa Abuja ta Lambata da Suleja. Da Dutsen Zuma ya bayyana, Kawu ya ce, "Mu ma fa muna da namu, ƙanƙara ce kawai babu." Bayan kusan mako uku fasfo ya dawo da biza ta kwanakin da muka nema. Ya tafi a Oktoba da rigar sanyi ta gwanjo, ya turo mana hoto yana tsaye da babbar riga kusa da mutum-mutumin Chopra. Ya dawo a ranar da ya ce zai dawo.

'Yan'uwana ɗalibai, a aji mukan ɗauki fassara a matsayin darasin cin jarrabawa. Amma a unguwa, mu ne ake miƙa wa fom ɗin asibiti da takardar kotu da wasiƙar banki, kuma wanda ya miƙo ba ya iya duba abin da muka rubuta da sunansa. Da na bi ejan nan, da hannuna ne zai rubuta ƙaryar, Kawu kuma ya ɗauki hukuncinta. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.