Wasan da Aka Saya, Amma Ba a Mallaka Ba

Idan damina ta ɗauke a ƙarshen watan Oktoba, manoman Kura da Bunkure da Dawakin Kudu kan shiga lissafi. Ruwan madatsar Tiga zai biyo magudanai kamar yadda ya saba tun shekarun 1970, sai dai ruwa kaɗai ba ya fitar da tumatir ko alkama. Dole a sayi iri da taki da maganin feshi, a biya 'yan ƙwadago, wanda gonarsa ke nesa da magudana kuma ya tanadi man injin ban ruwa. A wannan lokaci ne kowane gida ke waiwayar abin da ya ajiye domin ranar buƙata. Wani tunkiya yake fitarwa, wani buhun shinkafa, wani kuma babur ɗinsa.

A wani gida da ke kusa da Kwanar Dawaki, abin da aka waiwaya shi ne shagon gem na babban ɗan gidan. Ɗaki ne guda mai benci biyu da talabijin uku da na'urorin wasa uku, sai ɗan janareta a bakin ƙofa. Yara kan cika shi bayan an tashi daga Islamiyya, samari kuma bayan sun dawo daga gona, ana biyan kuɗi a kan kowace karawar ƙwallo. Da mahaifinsa ya yi maganar taki, saurayin ya yanke shawarar sayar da na'urar da ta fi sabunta, domin ita ce ya fi zuba wa kuɗi. Wasannin da ke cikinta duk ta intanet ya saye su, ya sauke su da datarsa cikin dare, kuma idan aka tara abin da ya biya, ya kusa kai kuɗin na'urar kanta.

Ya kai ta kasuwar Farm Centre a Kano. Ɗan kasuwar da ya samu ya duba jikinta, ya gwada hannayen wasa biyu, ya faɗi farashi. Da saurayin ya nuna masa jerin wasannin da ke ciki, sai ya girgiza kai.

"Malam, waɗannan ba zan sa musu kuɗi ba. A asusunka suke, asusun kuma ba a sayar da shi. In na biya ka yau, gobe aka rufe shi, wa zan riƙe? Da faifai ne, da na ƙirga maka ɗaya bayan ɗaya."

Da daddare ya mayar wa mahaifinsa da labari. Dattijon bai taɓa riƙe hannun gem ba, amma ya shekara arba'in yana ciniki.

"Kai yaro, saya ka yi ko ara ka yi?"

"Saya na yi, Baba."

"To, abin da ka saya da kuɗinka, ka kasa sayar da shi, wannan wane irin ciniki ne?"

Wannan tambaya ita ce ta tayar da ƙura a duniyar masu wasan gem a shekarar 2013. A ranar 21 ga Mayu kamfanin Microsoft ya gabatar da sabuwar na'urarsa Xbox One, a farkon Yuni kuma ya fayyace sharuɗɗanta. Dole na'urar ta shiga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kowace awa 24, in ba haka ba wasanni su ƙi buɗewa, har waɗanda mutum ke yi shi kaɗai. Faifan da aka saya za a ɗaure shi da asusun mai shi. Sayar da shi sai ta hannun shagunan da aka amince da su, kuma sai in mawallafin wasan ya yarda. Kyautar da shi ga aboki sau ɗaya kawai za a iya, abokin ma sai wanda ya kwana 30 a jerin abokan mutum. Ƙasashe 21 aka lissafa za a fara sayar da ita, babu ta Afirka ko ɗaya. Da aka tambayi shugaban sashen, Don Mattrick, makomar waɗanda ba su da intanet, sai ya nuna musu tsohuwar na'urar Xbox 360.

Masu wasa suka yi ca. Ɗalibai masu karɓar aro a tsakaninsu, da sojojin da ke aiki a inda babu sabis, da masu ƙananan shagunan kayan hannu, kowa ya ga kansa a cikin waɗanda za a rufe wa ƙofa. Kamfanin Sony ya ga dama ta samu. A ranar 10 ga Yuni, a babban taron baje kolin wasanni na Los Angeles, ya sanar da cewa PlayStation 4 ba za ta hana sayar da faifai ko ba da aronsa ba, kuma dala 399 ce, alhali ta abokin hamayyarsa 499. Ya kuma fitar da bidiyon da bai kai rabin minti ba, inda wani jami'insa, Shuhei Yoshida, ya miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu, a matsayin cikakken bayanin yadda ake ba da aron wasa. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ya janye sharuɗɗan. A farkon Yuli Mattrick ya bar kamfanin.

An yi murna, an ce masu saye sun yi galaba. Sai dai faifai ne suka kare, kamfanonin kuwa suka yi haƙuri har faifan ya fara ɓacewa da kansa. A watan Nuwamba na 2020 manyan kamfanonin biyu suka fito da na'urorin da ba su da gurbin saka faifai, kuma su ne masu rahusa. A 2021 kamfanin Konami ya mayar da PES, wasan ƙwallon da ya raya gidajen gem da yawa a Kano, zuwa eFootball, wanda ba ya zuwa a faifai sam. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe rumbunan da wasan tseren mota The Crew ya dogara da su, wasan ya daina aiki har a hannun wanda ke riƙe da faifansa. Abin da aka ƙi karɓa da ƙarfi a 2013 an karɓe shi a hankali, domin ya zo a cikin rigar sauƙi da rangwame.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Haɗa babban wasa yana cin shekaru da ɗaruruwan ma'aikata, faifan da ya zaga hannu goma kuwa sau ɗaya kawai ya biya masu aikin. A Kano ba a buƙatar dogon bayani a kan wannan. Masu shirya finafinan Hausa sun ga yadda cinikin kaset da faifai na Ƙofar Wambai ya durƙushe, masu tura fim a waya suka gaje shi, wahalar wani ta koma ribar wani. Gidajen gem da dama ma da na'urorin da aka fasa makullinsu suke aiki, ana loda musu wasanni ba tare da sisin kwabo ya isa ga masu su ba.

Duk da haka, nauyin sabon tsarin bai faɗa wa kowa daidai ba. Matashin Landan da ya rasa damar sayar da tsohon wasansa ya rasa ɗan canji ne. A Dawakin Kudu kuwa, kasuwar kayan hannu ita ce kasuwar gaba ɗaya. Mota 'yar Kwatano ce, riga ta gwanjo ce, na'urar gem ta gama aiki a wani gida a Turai kafin ta iso. Faifan da wani ya gaji da shi a can shi ne sabon wasa a nan. Bayan haka, a inda bankuna ba sa ba ƙaramin mutum rance, kayan da ya mallaka su ne asusun ajiyarsa. Yana sayen abu ne da sanin cewa in rana ta ɓaci zai fitar da shi. Wasan da ke cikin asusu ba ya shiga wannan lissafi. Ba a jinginar da shi, ba a raba shi a gado, ba ya zama taki idan rani ya shigo. Ga kuma dala, wadda bayan sakin naira a watan Yuni na 2023 ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da ita ake sayen katin biyan wasanni.

Akwai wani rauni a ƙarƙashin wannan. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake iya zaɓa idan za a buɗe asusun PlayStation, shi ya sa masu wasa a nan ke rubuta adireshin Amurka ko Ingila. Ke nan izinin da suke biya wa kuɗi a kan adireshin aro yake zaune. An ga girman matsalar a watan Mayu na 2024, lokacin da aka ce dole masu wasan Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa irin wannan asusu, aka kuma dakatar da sayar da wasan a ƙasashe fiye da 170. Hayaniya ta sa an janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki. Masu karatun littattafan Hausa ma sun ɗanɗani makamancin haka: a da sukan sayi littafi ko su karɓi haya a shago su mayar, daga baya da yawa suka koma manhajar OkadaBooks, wadda ta rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023.

Masu wasa ba su yi shiru ba. Rufe The Crew ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1 a watan Yuli na 2025. Jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta fara aiki a Janairu na 2025, wadda ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye sai sun bayyana wa mutum cewa izinin amfani yake biya. Abin da dokar ke nema, manomin Kura ya daɗe da saninsa. A harkar gona akwai saye, akwai gado, akwai aro, akwai haya, akwai jingina, kowanne da sunansa da hukuncinsa da farashinsa. Manomi yana mallakar fadamarsa, yana kuma biyan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuɗin ruwa, bai taɓa ɗauka magudanar tasa ba ce. Haya ba aibu ba ce. Aibun shi ne a karɓi kuɗin saye a ba da haya, a kuma rubuta mata sunan saye.

Washegari saurayin ya koma Kano da tsohuwar na'urarsa da jakar faifanta. Ɗan kasuwar ya zauna ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kowanne ya duba ko ya karce, ya biya. Kuɗin bai kai abin da aka so ba, amma ya sayi taki, dashen tumatir ya shiga ƙasa a kan lokaci. Sabuwar na'urar ta ci gaba da aiki a shago, yara na layi a kanta, tana kawo ciniki gwargwado.

Abin da ya sauya shi ne littafin lissafinsa. A da shafi ɗaya yake rubuta duk abin da ya kashe a shagon, ya kira shi jari. Yanzu ya raba shafin biyu. Na'ura da talabijin da benci da faifai suna gefe guda. Wasannin intanet kuwa ya mayar da su gefen man janareta da kuɗin data da hayar ɗaki, kuma kafin ya biya sabon wasa sai ya ƙirga karawa nawa za a buga kafin kuɗin ya dawo. Ranar da ya nuna wa mahaifinsa shafin, dattijon ya bi layukan da yatsa, ya miƙa masa littafin.

"Yanzu ka yi lissafi. Kayan aro ba ya rufe katara, amma in ka san na aro ne, ba za ka fita da shi kasuwa ba."