Abin Da Ke Sa Rinar Ingila Faɗa In Kaka Ta Yi

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Ingila, ya kuwa ga watan Agusta da na Satumba a can, ba ya rasa labarin rina. Tun watan Mayu tana nan tana harkarta, ba ruwanta da kowa. Amma da kaka ta kawo kai, mutum bai isa ya zauna a lambu da abin zaƙi a hannu ba. Ya kora ta dawo, in ya matsa mata ta ɗirka masa harbi. Baƙo yakan ɗauka mugunta ce, alhali kuwa yunwa ce ke ɗawainiya da ita.

Gidan rina uwa ɗaya ce ke kafa shi, bayan ta farka daga barcin hunturu. 'Ya'yanta mata su ne ma'aikata. Su kankaro itace su tauna su yi gini, su farauto ƙudaje da tsutsotsin da ke ɓarna a gona su kai wa ƙannensu da ba su yi fiffike ba. Su kansu ba su iya cin nama, sai abu mai ruwa, ga ƙugu a tsuke, irin tsukewar nan da ta sa in mutum ya cusa riga a wando akan ce ya yi zanzaro. To, duk ƙaramar da aka ciyar takan fitar da ɗigon ruwa mai zaƙi, ma'aikaciya ta lashe. Ladanta ke nan, abincinta ke nan.

Wajen ƙarshen Agusta uwa takan rage yin ƙwai, ɗan abin da ya saura kuma maza ne da sababbin iyaye na baɗi. Ƙananan sai su ƙare, daidai lokacin da gida ya cika da dubban ma'aikata. Ga bakuna, ba aiki, ba lada. Sai su bazu neman zaƙi, su faɗa wa tuffar da ta zubo ta ruɓe, su shige gwangwanin lemo.

Nan haɗarin yake. Wanda ya kurɓa bai duba ba, aka harbe shi a maƙogwaro, kumburi na iya toshe masa numfashi, sai an gaggauta kai shi asibiti. Rina kuwa ba ta barin ƙarinta a jiki kamar zuma, tana iya maimaita harbi. In aka murƙushe ta kusa da gida, warin da take fitarwa yakan tunzuro 'yan'uwanta.

Ba su daɗewa dai. Da sanyi ya kankama duk sukan mutu, har da tsohuwar uwar. Sababbin iyayen kaɗai ke laɓewa a ɓawon itace ko ƙarƙashin rufin ɗaki, su jira watan Afrilu.